Kiɗan 'Yammatancin Kaka

A zangon Saboba inda na tashi, kusan kowane babba a gidanmu akwai sautin da aka san shi da shi. Kakanmu namiji, Allah ya jiƙansa, Shata ne nasa. In an sallame isha'i sai ya sa a fito masa da rediyo ƙofar gida, ya ja eriya har ƙarshe, ya yi ta murɗawa cikin ƙugi da hayaniya har Kaduna ta kamu. Ran da ta ƙi kamuwa, ga kaset. Yana da Bakandamiya a wani kaset da ya sha ɗori da jan farce saboda yawan tsinkewa, yana da Ɗanƙwairo, yana da Ɗan Maraya Jos, wanda direbobin da ke kwana a zaurenmu ran jajiberin kasuwa suka fi so saboda waƙar Karen Mota. Mma, mahaifiyata, labaran BBC na safe ne ba sa wuce ta. Baffana ƙarami kuwa, tun da ya dawo daga karatu a Tamale, daga ƙira'a sai wa'azi.

Kaka ce kaɗai ba ta da nata, ko in ce haka duk gidan aka ɗauka. Ban taɓa jin ta ɗaga murya da waƙa ba, ko wurin daka ko wurin raino. Abin da na san ta da shi carbi ne, sai amshin Ishiriniya cikin mata in watan Maulidi ya kama, shi ma ƙasa-ƙasa. Tun kafin assalatu take tashi ta dama koko ta soya ƙosai, gari na wayewa mutane sun yi layi: 'yan makaranta, ma'aikatan asibiti, matan Konkomba da suka yi sammako da doya daga ƙauye. Kowa da harshensa take ciniki da shi, Hausa ko Dagbanci ko Konkombanci. Da ta sauke farali ta dawo, sai ta ƙara zama abin da muka riga muka ɗauke ta, wato Hajiya mai kamun kai, wadda ko dariya ta yi sai ta kare baki da gefen mayafi.

Asalinsu fataken goro ne. Kakanta ya biyo ayari daga ƙasar Kano zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa garin. Wasu suka gangara Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan mai waƙoƙi, ya zauna har ya rasu a 1934. Namu suka yi arewa suka sauka a Yendi, daga baya wani reshe na gidan ya koma Salaga da ƙura ta lafa. A zangon Yendi aka haifi Kaka. Shekarar haihuwarta ba a rubuta ba, amma ta san an kawo ta Saboba amarya a shekarar ƙuri'a, 1956, lokacin da aka tambayi mutanen Togo ta hannun Ingila ko za su haɗe da ƙasar da ta zama Gana a shekarar da ta biyo baya. Iyakar abin da muka sani na rayuwarta kafin aure ke nan, kuma ko a cikinsa sunayen garuruwa da na maza sun fi nata labarin yawa.

Gigin tsufa a hankali ya shigo mata. Da fari ajiya ce take ɓata, kuɗi a ƙarƙashin tabarma, makulli a cikin tukunyar miya. Sai ta fara tashi tsakar dare ta hura wuta za ta dama kokon da ta daɗe da barin sayarwa. Sai sunaye suka fara zubewa. Ni da ita akwai wasan jika da kaka mai ƙarfi, tun ina ƙarama ba ta kirana da komai sai kishiya. In na shigo ɗakinta sai ta ce in fita mata, na zo ƙwace mata miji. Wata rana na dawo daga Tamale na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Daga ranar wasan ya mutu.

Lokacin da ya fi mana wuya shi ne la'asar sakaliya. Rana na karkata sai ta ɗauki mayafi ta nufi ƙofa.

"Kaka, ina za ki?"

"Gida. Yamma ta yi, za a neme ni."

"Ai nan ne gida, Kaka."

Sai ta dubi ɗakin da ta shekara sittin a ciki kamar yau ta fara ganinsa. Wani dare ta zare sakata ta fice, wata maƙwabciyarmu Bakonkomba ce ta tsince ta a kan hanyar kogin Oti, ba takalmi, ta riƙo hannunta ta dawo mana da ita.

Wanda bai zauna a arewacin Gana ba ba zai gane irin tsoron da ya kama mu ba. Tsohuwa mai yawon dare, mai magana ita kaɗai, mai kiran sunayen matattu, a nan ba tausayi kaɗai take jawowa ba. Gnani tana nan kusa da Yendi, ɗaya daga cikin matsugunan da ake kai waɗanda aka yi wa ƙazafin maita, ga Gambaga, ga Kukuo. A watan Yulin 2020, muna tsakiyar wannan jinya, aka kashe Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, da duka a bainar jama'a a Kafaba kusa da Salaga, bidiyon ya zagaye wayoyi. Ba wanda ya taɓa fuskantarmu da magana a unguwa, amma na ga yadda wasu suka daina barin yaransu su karɓi abu daga hannunta, hannun da ya ciyar da iyayensu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Da yawa daga cikin matan da ake nuna wa yatsa ba abin da ke damunsu sai ciwon ƙwaƙwalwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, akasarinsu a ƙasashe irin namu.

'Yar Gwaggona da ke aikin jinya ce ta kawo zancen waƙa. Ta ce ba magani ba ne, kada mu sa rai da warkewa. Amma an daɗe da lura cewa mai wannan ciwo yakan manta sunan ɗansa, waƙar ƙuruciyarsa kuma tana nan daram. Ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Leipzig ta Jamus aka buga a 2015, wanda ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe kiɗan da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke jinkirin taɓawa. Ta nuna mini wani guntun fim na Amurka mai suna Alive Inside, na 2014, inda wani tsoho da ya sunkuyar da kai ba ya magana ya farfaɗo da aka sa masa waƙoƙin zamaninsa. Ta ƙara da abin da ya fi amfani: ba kowace waƙa ba, sai wadda mutum ya so da kansa, musamman tsakanin shekara goma zuwa talatin na rayuwarsa, don abin da ya shiga a wannan tsakani shi ya fi zama.

Muka fara da abin da ke kusa. Na je wurin yaran da ke tura waƙa a waya a bakin kasuwa, aka cika mini katin memori da Shata. Kalangu na tashi Kaka ta ɗaga kai, muka yi murna. Sai ta miƙe tana neman kwano. "Alhaji ya dawo, ba a kai masa tuwo ba." Ta leƙa zaure, ta leƙa bayan gida, tana tambayar kowa ina ya shiga. Da ba ta gan shi ba ta zauna a dokin ƙofa tana kuka marar sauti. Shata ya tuna mata, amma mijinta ya tuna mata, da hidimarsa, da rashinsa. Ba mu sake sa mata ba sai can ba a rasa ba, da safe, in tana cikin natsuwa.

Ishiriniya ta fi sauƙi. In an sa, leɓunanta na bi, hannunta na neman carbi, jikinta ya saki har barci ya ɗauke ta. Mun gode wa Allah da wannan, don ya ba Mma damar runtsawa. Sai dai kwantar da ita take yi, ba ta buɗe mata baki.

Akwai kuma daren da ba wanda ya sa komai. Maƙwabtanmu Konkomba suna bikin mutuwar wani dattijo, gangunan kinacun na tashi tun daga yamma, rawar da Kaka ta sha kallo shekara da shekaru, har takan aika da ƙosai gidan makoki. A daren nan kuwa sai muka same ta tana ɗaure kaya a zane, jikinta na rawa, tana cewa a tashi yara, a kashe fitila. Ta koma Fabrairun 1994, lokacin da faɗan da ya faro a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla ya cinye yankin nan gaba ɗaya, tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanjawa, hanyar Yendi ta rufe, kowa ya kwana da ido ɗaya. Ina yarinya a lokacin, abin da na riƙe shi ne wata Bakonkomba ce ta ɓoye mana tukwanen Kaka da keken ɗinkin Mma har aka yi sulhu. Kaka kuwa tsoron ne ya zauna mata, gangar dare ta tone shi. Tun daga nan na san wannan aiki yana son taka-tsantsan, don sauti ba ya zaɓen abin da zai tayar.

Na tambayi Baba da Gwaggo abin da uwarsu ke so tana yarinya, suka dubi juna. Gwaggo ta ce, "Wa zai tambayi Hajiya wannan?" Ita ce dai ta ce in je Salaga, akwai ɗan baffan Kaka da ya rage, tare suka tashi a Yendi.

Na same shi a zaure kan buzu, ido ya tafi amma kai garau. Ya fara da abin da dattawa ke farawa da shi, salsala: wane ya haifi wane, wa ya je Makka a ƙasa, wa aka binne a ina. Na bar shi ya gama, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi shiru, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Jikata, wa ya aiko ki tonon asiri? Wannan Hajiyar taku da kuke gani, ai babu irin dukan da ba ta sha ba a kan simpa."

Simpa na sani, har gobe ana yinta a bukukuwa a Yendi da Tamale. Abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne a haɗa sunanta da na Kaka a zance ɗaya. Kiɗan matasa ne da ya tashi a ƙasar Dagomba wajen shekarun 1930, lokacin da faifan garmaho da 'yan ci-rani suka riƙa hawo da kiɗan kudu, na gome da na hailaif, yaran arewa suka gauraya shi da nasu. Sunan ma daga kudu ya zo, Simpa shi ne sunan gargajiya na garin Winneba da ke bakin teku. Samari ke kiɗa, 'yammata na waƙa da rawa. Farfesa John Collins na Jami'ar Gana da ke Legon, wanda ya daɗe yana bin diddigin kiɗan ƙasar nan, ya rubuta cewa manya sun ƙi jininta tun farko saboda tana haɗa samari da 'yammata, kuma bayan rikicin sarautar Yendi na 1969 sai da aka hana ta na wata shida, don ƙungiyoyin sun shiga yi wa juna zambo a kan gidajen sarauta. To a zamanin Kaka abin bai kai can ba, wasan dandali ne kawai. Amma 'yar malamin zango ta tsallaka unguwar Dagomba da dare ta tsaya gaban samari tana ba da waƙa, wannan a wurin mahaifinta babban abu ne.

"Ita ce mai bayarwa," in ji tsohon. "Sauran amshi suke. In ta ɗaga murya daga bakin kasuwa, muna tsakar gida muna jiyowa, Baffa, mahaifinta, na jiyowa, sai ya ɗauko dorina ya zauna jira." Na ce ko ya tuna waƙoƙin. Ya ce shi almajiri ne a lokacin, ba ya zuwa. Amma akwai ƙawarta, tare suke satar fita, an yi mata aure a Bawku, kuma a iya saninsa tana da rai.

Hanyar Bawku daga wajenmu doguwa ce, ta Gushegu da Nakpanduri, a gangara dutse a bi ta Garu. Na isa da ƙura har cikin kunne. Gidan na cikin zango, ba nisa da kasuwa. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, baki jajir da goro, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Na faɗi sunan Kaka na yanka, ba ta gane ba. Na faɗi sunan mahaifinta da unguwarsu a Yendi. Sai ta saki gyaɗar, ta kira wani laƙabi da ban taɓa ji ba, ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa.

"Ga goshin nan. Tana nan da rai? Wayyo ƙawata. 'Yar nan, rabona da ita tun kafin a kori baƙi."

Tana nufin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, zangogi suka yamutse, dangi da ƙawaye suka rabu ba sallama. Su biyun ba wadda ta tafi, amma wanda ke kai musu saƙo tsakanin Bawku da Saboba yana cikin waɗanda suka tafi, zumuncin ya yanke daga nan.

Da na gaya mata halin da ake ciki ta yi kuka, ta share, ta ce a miƙo mata tire. Jikokinta suka taru suna dariya, ta kore su. Ta kifa tiren a cinya tana bugawa da zoben azurfar da ke yatsanta, ta fara. Muryar ta tsufa, tana karyewa a sama, amma kiɗan bai kuskure ba. Rabi Dagbanci, rabi Hausa, wani wurin har da kalmomin kudu da ita kanta ta ce ba su san ma'anarsu ba, haka suka ji a garmaho suka ɗauka. Akwai ta tsokanar wani saurayi da ya ci bashin keke, akwai ta motar Kumasi da ta tafi da masoyi. Tana yi tana tsayawa ta ce, "Nan ita ke shiga, ni amshi ne nawa." Na ɗauka duka a waya.

Na jira la'asar, lokacin mayafi. Kaka ta riga ta miƙe ta nufi ƙofa. Na ce ta ɗan zauna ta sha ruwa kafin ta tafi, na ajiye wayar a kan tabarma na kunna. Da fari ba abin da ya motsa. Tana kallon bango, mayafin a hannu. Sai na ga babban yatsan ƙafarta yana taɓa tabarma, yana ɗagawa, daidai da zoben. Sai kafaɗa ɗaya. Da aka zo gurbin da tsohuwar Bawku ta bari, Kaka ta buɗe baki ta cike shi, da wata murya siririya mai tsayi wadda ba wanda ya taɓa ji a gidan nan. Mma ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. A waƙa ta biyu Kaka ta ɗaga hannu.

"A'a. Ta tsallake ɗaya. Kullum sai ta tsallake wannan."

Ta rera wanda aka tsallake. Ta kira sunan ƙawar tata, ta ce a tambaye ta ina ɗankwalin da ta ara ran bikin Damba. Sannan ta juyo ta dube ni, duba na sani.

"Ke kishiya, zaman me kike? Ba ki iya tafi ba ne?"

Na yi tafi. Ban iya ganin hannuna ba don hawaye, amma na yi.

Baffa bai ji daɗi ba. Ya same ni a zaure ya ce tsohuwa mai jiran sa'i, abin da ya kamace ta Alƙur'ani ne da salati, ba waƙar dandali ba, kuma yana tsoron ta cika da wannan a baki. Na san ba ƙiyayya ba ce, son uwarsa ne ya sa shi magana, irin son da karatunsa ya koya masa. Baba ya ce a kai wa limamin unguwa. Liman ya saurara, ya tambaya ko akwai batsa a ciki, aka ce babu. Ya tambaya ko tana hana ta salla, Mma ta ce ran da aka yi mata waƙar ma ta fi yarda a yi mata alwala. Sai ya kawo labarin 'yammata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyadina Abubakar ya tsawata, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Ya ƙara da cewa wadda hankalinta ya gushe alƙalami ya sauka daga kanta, abin da ya rage a kanmu shi ne kyautata mata. Aka tsaya a kan simpa da la'asar, karatu da asuba da dare. Baffa bai taɓa zama an yi da shi ba, amma shi ne ya sayo ƙaramar rediyo mai cin memori da ya ga wayata na yawan mutuwa.

A watannin da suka biyo baya na ji abin da ban ji ba tun haihuwata. In waƙa ta buɗe ta, takan yi magana na ɗan lokaci kafin ƙofar ta sake rufewa. Ta ba ni labarin farin wata a filin kasuwar Yendi, da ganguna masu kusurwa huɗu da kafinta ke haɗawa, da wani yaro mai busa bigila da duk 'yammata ke so. Yadda suke ɓoye hoda da kwalli a cikin tulu marar ruwa a bayan ɗaki. Katangar da suke haurawa, da wurin da ƙafa ke shiga. Ta ce daren da za a kawo ta Saboba gwaggonta ta zaunar da ita ta ce matar aure ba a jin muryarta a waje, ta ce to. Iyakar bayanin ke nan, ta ce to, ta kuma cika alkawari fiye da shekara sittin.

Ba na ganin laifin mahaifinta ko na gwaggon, tarbiyyar da suka sani suka ba ta, kuma ta amfane ta ta amfane mu. Abin da na daɗe ina juyawa a rai shi ne yadda muke zama da tsofaffinmu. Muna tambayarsu asali, muna tambayarsu magani da addu'a, muna kai musu ƙarar juna. Ba ma tambayarsu abin da suka so. Kunya ce ta hana, ta su da ta mu, kuma kunya abu ne mai kyau, sai dai ranar da ciwo ya kwashe sunaye da fuskoki, wannan abin da ba a tambaya ɗin shi ne kaɗai hanyar da ta rage. Tunanin tsoho kamar rijiyoyin Salaga ne, ciyawa ta rufe bakinsu amma ruwan na ciki, sai ɗan gari ya nuna maka inda za ka zura guga. 'Yan garin kuwa sa'o'insa ne, ba 'ya'yansa ba, kuma kullum raguwa suke. Da tsohon Salaga ya riga mu gidan gaskiya kafin in je, da har yau Hajiya mai carbi kaɗai muka sani.

Kada a ɗauka ta warke. In gari ya waye komai ya goge, in gaishe ta ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Wata ran a kunna waƙar ta kau da kai. Na samo mata simpar zamani ta bukukuwan Tamale, mai lasifika da kiɗan inji, ta toshe kunne ta ce a kashe. Abin sawa a kunne irin na fim ɗin nan kuwa fizge shi take yi. Abin da ya karɓe ta murya ce ta mutum, da tire, da wani a gefe yana tafi. Amma yawon la'asar ya ragu ƙwarai, tana cin abinci in ana yi mata, wanka ya daina zama kokawa. Matan unguwa da suka ja baya suka fara leƙowa jin Hajiya na waƙa, wasu tsofaffin Dagomba cikinsu har suna tayawa. Na lura yara sun koma karɓar abu daga hannunta.

Da rani muka ɗauko tsohuwar Bawku. Da ta shigo Kaka ta gaishe ta da sannu da zuwa irin ta baƙi, ba ta san fuskar ba. Ƙawar ba ta ce komai ba, ta zauna kusa da ita, ta ja tire. Kafin ta kai ƙarshen layin farko Kaka ta riƙe mata hannu ta kira ta da suna. Suka kwana ɗaki ɗaya, muna jiyo su cikin dare, wani lokaci waƙa, wani lokaci gardamar ɗankwali. Ba a sake samun irin wannan ba, don a ƙarshen 2021 rikicin Bawku ya sake tashi, aka sa dokar hana fita, tafiya ta zama kasada. Sai saƙon murya ta WhatsApp da jikanta ke turowa in ta tuno wata.

Kaka ta rasu da damina, da asuba, Baffa na gefenta yana karanta mata Yasin. Ruwa ya shanye gadar Kpalba kamar yadda yakan yi, dangin Yendi sai a kwalekwale suka tsallako ta'aziyya.

Rediyon da katin sun zaga gidaje bayan haka. Wani gidan sun yi amfani, wani gidan ko gezau, don ba waƙarsu ba ce. Maƙwabciyarmu da ta tsinto Kaka a hanyar kogi ta zo neman shawara a kan mahaifinta, da ya daina magana. Na ce ta nemi wanda suka yi samartaka tare. Ashe shi gangar kinacun ce, ita dai wadda ta sa Kaka ɗaure kaya. In an buga masa a hankali a kan ƙwarya, ƙafafunsa ke fara amsawa.

Bayan sadakar arba'in na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na fara bin na gida. Baba ya ce shi Nana Ampadu ne da African Brothers, tun zamanin da yake yaron mota a hanyar Kumasi, ya ƙara da Haruna Uje. Gwaggo ta ce Barmani Choge, ba ta ko yi jinkiri ba. Baffa ya ce ƙira'ar Abdulbasit, na rubuta, da na miƙe zan tafi ya ce in ƙara Ɗan Anace, don yana yaro ba ya wuce dambe. Mma ce ta fi ba ni wuya. Ta ce ita ba ta da wata waƙa, na ce haka muka ɗauki Kaka ma. Ta ci gaba da tsintar shinkafa, can ta ce lokacin da take zaune wurin yayarta a Tamale sukan je silima kallon Indiya, akwai wata mai siririyar murya da ke yi wa 'yan fim waƙa. Na ce Lata Mangeshkar. Ta ce ita ba ta san suna ba, amma in ta ji za ta gane. Ran kasuwa muka tafi tare wurin masu tura waƙa, yaron ya yi ta kunna mata ɗaya bayan ɗaya tana girgiza kai, har ya zo kan wata ta ce, "Tsaya. Mayar da ita farko."